Waye ya danne motar lantarki? Fashin baƙi kan rigimar batir, fetur da kamfanonin mota

Wai da gaske ne kamfanonin mai da na mota ne suka haɗa baki suka binne motar lantarki shekara da shekaru, ko kuwa dai motar ce da kanta bata da ƙarko shi yasa mutane suka guje ta? Tunda kuɗin fetur ya tashi wannan gardamar bata ƙarewa, da zarar an ga wata BYD ko Tesla ta gifta shiru ba ƙara ba hayaƙi sai kaga an rabu gida biyu, wasu suce ai Turawa sun daɗe da gano ta aka ɓoye don kar kasuwar mai ta mutu, wasu kuma suce kayan wasan masu kuɗi ne kawai, motar da za ta tsaya maka a daji kana neman inda zaka jona caji.

Abun da yake rikita zancen shine motar nan sau biyu tana mutuwa a Amurka, ta farko wajajen 1920, ta biyu kuma a 2003, kuma dalilan ba iri ɗaya bane. Mutuwar farko kusan ajali ce. Ta biyun kam akwai sa hannun mutane, kuma ba ma a ɓoye akayi ba, har gaban alƙali aka je.

Wacce ce motar lantarkin ma tukuna

Iri uku ne mutane suke cakuɗawa. Akwai ta lantarki zalla, wadda bata da tankin mai kwata-kwata, batir ne da injin lantarki mai juya taya, ba filogi ba baƙin mai ba salansa ba kuloci. Akwai haibirid irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, ita fetur take sha, ƙaramin batir ne kawai yake taya injin don ta rage shan mai, ba'a jona ta a bango. Sai ta tsakiya wadda ake yiwa caji kuma tana da injin fetur na ko-ta-kwana. Wadda ake rigima a kanta ita ce ta farkon.

Ta riga motar fetur samun kasuwa

Mutane da yawa suna ɗauka sabon abu ne na zamanin Elon Musk, alhali motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa a duniya ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ne ya tuƙa ta a kusa da Paris a 1899. Tun 1897 akwai tasi masu batir a titunan New York. Ƙididdigar Amurka ta 1900 ta nuna an ƙera motoci 4,192, a ciki 1,681 masu tururi ne, 1,575 na lantarki, na fetur kuwa 936 kacal, wato ita ce ta ƙarshe a layi.

Kuma da dalili. Motar fetur ta lokacin abar wahala ce, ga ƙara ga wari ga jijjiga, canjin giya sai mai ƙarfi, uwa uba babu makulli da zaka murɗa ta tashi, sai ka zagaya gaba ka zura handul ka juya da hannu irin yanda ake tada tsohon injin niƙa, kuma idan injin ya yi tutsu ya dawo da baya handul ɗin kan karya wa mutum hannu ko ya fasa masa haɓa. Ita kuwa ta lantarki shiga kawai zakayi ka tura sanda ta tafi. Detroit Electric tana tallan cewa motarta na yin kusan kilomita 130 a caji ɗaya, gudunta kamar kilomita 30 a awa, wanda a cikin gari a wancan zamanin ya isa. Ita kanta Clara matar Henry Ford, mijinta na ƙera motar fetur amma Detroit Electric take hawa.

Mutuwar farko

Abubuwa ne suka taru mata cikin shekara kamar goma sha biyar. A Janairun 1901 rijiyar Spindletop ta fashe a Teksas tana amayo ganga kusan dubu ɗari a rana, mai ya zama kamar kyauta. A 1908 Ford ya fito da Model T a kan dala 850, da ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913 farashi ya dinga sauka har ya koma ƙasa da dala 300 a 1925, ita kuwa ta lantarki a 1912 ana maganar dala 1,750. Sai kuma a 1912 ɗin Cadillac ta fito da sitata ta lantarki da Charles Kettering ya ƙera, shikenan an huta da handul, babbar fa'idar da motar batir take taƙama da ita ta tafi. Abun dariya, ƙaramin batir da ƙaramin injin lantarki ne aka saka a cikin motar fetur suka taimaka mata ta cinye kasuwar.

Ga kuma maganar wuta. Har tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai take da lantarki a karkarar Amurka. Manomi zai iya siyan fetur a gwangwani a shagon ƙauye ya ɗaure a bayan mota, amma caji sai cikin birni. Da aka fara shimfiɗa tituna tsakanin garuruwa, mutane suka fara son tafiya mai nisa, toh nan fa ta lantarki ta zama motar zuwa unguwa da dawowa.

Su ma masu ƙera ta sun taimaka wajen kashe kansu. Suka ɗauki talla suka ɗora a kan matan masu kuɗi, ciki da labule da kujeru kamar falo har da wajen ajiye fure, sai maza suka ɗauke ta motar mata ce, kuma a lokacin maza ne ke riƙe da kuɗin siyan mota. Thomas Edison ya shafe shekaru yana fama da batirin nikel da ƙarfe, a 1914 har an yi ta yayata cewa shi da Ford zasu fito da motar lantarki mai arha, maganar ta bi ruwa. A duk wannan zangon ba sai ka nemo wani makirci ba, lissafi ne kawai ya ƙi ta.

Lissafin da ba'a iya kauce masa

Nan ne ya kamata masu cewa duk makirci ne su ɗan tsaya. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfi kusan kilowat-awa 9 a ma'aunin wutar lantarki, wato wat-awa 9,000, kuma nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Batirin dalma, irin wanda muke sakawa a mota da inbata, kilo ɗaya nasa baya riƙe abun da ya wuce wat-awa 30 zuwa 40. Ka duba tazarar. Motar EV1 ta farko da zamu zo kanta, batirinta ya fi rabin tan nauyi, amma gaba ɗaya abun da yake ɗauka kilowat-awa 16.5 ne, bai kai ƙarfin lita 2 ta fetur ba.

Abun da ya ceci ta lantarki shine bata asara. Injin fetur kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na man da ka zuba ne kawai yake kaiwa taya, sauran duk zafi ne yake fita ta lagireto da salansa, ita kuwa ta lantarki sama da kashi uku cikin huɗu yana kaiwa taya, shi yasa da wannan ɗan ƙarfin na ƙasa da lita 2 EV1 take yin sama da kilomita 100. Amma duk da haka, cika tanki minti biyar ne, cika batir awanni ne. Wannan ba wani shugaban kamfani ne ya ƙulla shi ba.

Ko lokacin da Larabawa suka hana Amurka mai a 1973 aka dinga layi a gidajen mai, abun da aka iya fitowa dashi wata 'yar mitsitsiyar mota ce CitiCar mai kujera biyu, aka saida dubu biyu da ɗoriya, da mai ya sauko kowa ya manta da ita.

Kalifoniya ta kafa doka, GM ta ƙera EV1

Birnin Los Angeles ya daɗe yana fama da hayaƙin mota, akwai ranakun da ake hana yara fita wasa a makaranta saboda iskar. A Janairun 1990 General Motors, wato GM, ta nuna wata motar gwaji ta lantarki mai suna Impact, shugabanta Roger Smith yace zasu ƙera ta don siyarwa. Hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya, CARB, tace toh tunda ku da bakinku kunce zai yiwu, sai ta kafa doka a shekarar, cewa manyan kamfanoni bakwai dole kashi 2 cikin ɗari na motocin da suke saidawa a jihar su zama marasa hayaƙi zuwa 1998, kashi 5 zuwa 2001, kashi 10 zuwa 2003.

EV1, motar da GM ta ƙera daga Impact ɗin, ta fito a ƙarshen 1996. Kujera biyu, jiki sumul yanda iska bata tare ta, tana tashi daga tsaye zuwa kusan kilomita 100 a awa cikin kamar sakan 8, waɗanda suka hau ta da yawa sun kamu da sonta. An ƙera guda 1,117 zuwa 1999. Amma ga inda gizo ke saƙar, ba'a siyar da ko ɗaya ba, haya ake bayarwa ta wata-wata, daga dala 399 zuwa 549, ta hannun dilolin Saturn, wani reshen GM, a Kalifoniya da Arizona. Ma'ana motar tana hannunka amma takardunta na GM ne.

A daidai lokacin da hannun dama yake ƙera motar, hannun hagu yana yaƙar dokar da ta sa aka ƙera ta. Tun a 1996 matsin lambar kamfanoni ta sa CARB ta janye sharaɗin 1998 da na 2001. A 2002 GM da DaimlerChrysler da wasu diloli suka maka hukumar a kotun tarayya, hujjarsu ita ce dokar ta taɓa maganar shan mai, wanda hurumin gwamnatin tarayya ne ba na jiha ba, gwamnatin George W. Bush kuma ta shigar da takarda tana goyon bayansu. Shugaban ma'aikatan fadarsa a lokacin Andrew Card, kafin nan shine shugaban ƙungiyar masu ƙera motoci ta Amurka, sannan mataimakin shugaba a GM kafin ya shiga fadar, wannan kowa ya yi masa fassarar da ya ga dama. A 2003 CARB ta sassauta dokar, aka karkata zuwa motar haidurojin, wadda Bush ya yiwa alƙawarin dala biliyan 1.2 a shekarar, kuma har yau ɗin nan bata zama motar talaka ko ta mai kuɗi ba.

Daga nan GM ta fara karɓe motocinta. Masu haya suka roƙa a siyar musu ko ba garanti, aka ƙi. A 2005 wasu suka yi zaman dirshan na makonni a bakin wani fili a Burbank inda aka tara 78 da suka rage, suka ce ga dala miliyan 1.9 a basu, aka kawo tireloli aka kwashe. Yawancinsu a Arizona aka kai aka matse su da injin murƙushe ƙarfe, aka jera su ɗaya kan ɗaya, motoci lafiyayyu da fentinsu yana sheƙi. Kamar guda 40 aka ba gidajen tarihi da jami'o'i bayan an kashe musu hanyar tashi.

Me zai sa kamfani ya murƙushe motar da ya kashe kuɗi ya ƙera

Bayanin GM shine ta zuba kusan dala biliyan ɗaya kuma kowace mota asara take jawowa, tace jerin dubban mutanen da suka rubuta suna suna so, da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka faɗa musu kuɗin da iyakar tafiyar, kusan 50 ne suka tsaya, sannan tace idan ta bar motocin a hannun mutane dole ta cigaba da samar da sifiya da ɗaukar alhakin duk wani haɗari na motar da dubu ɗaya ce tak. Wannan ba ƙarya bace gaba ɗaya. Masu suka kuma suna cewa wanda yake son saida abu baya fara lissafa wa mai siya aibinsa, kuma Toyota da ta fuskanci irin wannan matsin ta yarda ta siyar da 'yan ɗaruruwan RAV4 ɗinta na lantarki, wasunsu suka wuce kilomita 160,000 da batirinsu na asali, duniya bata tashi ba.

Ni a ganina amsar tana cikin littafin ribar kamfanin. A ƙarshen shekarun 1990 inda manyan kamfanonin motar Amurka dake birnin Detroit suke cin abinci shine manyan jip da akori-kura, ana ƙiyasta ribar babbar jip ɗaya tana kai dala dubu goma ko fiye. Idan EV1 ta yi nasara, abun da ta tabbatar wa hukuma shine dokar mai yiwuwa ce, gobe New York da Massachusetts su ma su matsa, dama sun riga sun kwafi dokar, sai a wayi gari ana tilasta maka ka ƙera motar da kake asara a kanta kashi goma cikin ɗari. Duk wata EV1 dake yawo a titi lafiya ƙalau shaida ce a kan GM. A 1999 ɗin da aka rufe layin EV1, a shekarar GM ta sayi sunan Hummer, ƙatuwar jip mai zuƙar mai.

Sai diloli. A Amurka dila ba a siyar da sabuwar mota yake samun babbar riba ba, a sabis ne, juyen baƙin mai, filogi, filta, bel, salansa, gyaran giya. Motar da bata buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan, ta ina yaron shago zai yi zumuɗin tallata ta? Kuma duk ilimin da kamfani ya tara na shekara ɗari a kan injin da giyabos yake, masana'antu da ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago duk a kansa suke.

Shi kansa Rick Wagoner da ya shugabanci GM lokacin, daga baya ya amsa cewa kashe shirin EV1 shine shawarar da yafi nadama. A 2009 kamfanin ya durƙushe sai da gwamnati ta ceto shi.

Hannun kamfanonin mai

Anan akwai abun da ya tabbata akwai kuma wanda ake ƙarawa gishiri. Wanda ya tabbata, ƙungiyar kamfanonin mai ta yammacin Amurka ta zuba kuɗi a kamfe na yaƙar dokar Kalifoniya, har da ɗaukar nauyin ƙungiyoyi masu kama da na talakawa da suka dinga adawa da shirin kamfanonin wuta na kafa wuraren caji, suna cewa za'a ƙarawa kowa kuɗin wuta don amfanin 'yan tsiraru.

Sai labarin batir, wanda shine yafi ɗaure kai. Wani mai ƙirƙira Stanford Ovshinsky ya inganta wani nau'in batir da ake kira NiMH wanda ya fi na dalma nesa ba kusa ba, da shi EV1 ta biyu take yin kilomita 160 zuwa sama da 200. GM ta shiga haɗin gwiwa dashi a 1994 ta riƙe kaso mafi girma na kamfanin ƙera batirin. A 2000 sai ta siyar da kasonta, wa ta siyarwa, Texaco, kamfanin mai, wanda wani kamfanin man, Chevron, ya haɗiye a 2001. Kamfanin da ya fito daga wannan, Cobasys, shine ya riƙe haƙƙin mallakar, aka yi shari'a da Panasonic da Toyota, aka sasanta a 2004 a kan dala miliyan 30 tare da taƙaita musu saida manyan batiran mota irin wannan a Arewacin Amurka na wasu shekaru. Masu kare Chevron suna cewa ai ƙananan batiran NiMH sun cigaba da shiga miliyoyin Prius ba wanda ya hana, kuma babu wani kamfanin mota da ya zo da babbar oda aka ƙi shi. Haka ne, amma dai batir mafi kyau na wancan lokacin ya kwana a aljihun mai saida fetur a daidai shekarun da ake buƙatarsa, ruwa kuwa baya tsami banza.

Inda labarin makirci yake tuntuɓe shine kamfanin mai na Exxon. A ɗakin bincikenta ne Stanley Whittingham ya ƙera batirin litiyam mai caji na farko a shekarun 1970, lokacin suna tsoron mai zai ƙare, da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 suka watsar. Basu ɓoye ba, aikin na nan a rubuce, John Goodenough da Akira Yoshino suka ɗora a kai, Sony ta fito dashi kasuwa a 1991, su ukun suka samu kyautar Nobel a 2019. Wato kamfanin mai ne ya haifi kakan batirin da yake barazana ga mai a yau, ya yar dashi don bai ga kuɗi a ciki ba a lokacin.

"Mutane ne basa so"

Wannan ita ce maganar da kamfanoni suka fi fakewa da ita, kuma akwai gaskiya a ciki. A farkon 1999 galan ɗaya na fetur, kusan lita 3.8, dala ɗaya ne a Amurka. Wa zai damu da tsimin mai? Yawancin Ba'amurke tafiyarsa ta yini bata wuce kilomita 60, EV1 ta ishe shi, amma mutum ba don tafiyar kullum yake siyan mota ba, don tafiyar nan ta sau biyu a shekara zuwa garinsu yake lissafi, da iyali da kaya, kuma fargabar batir ya mutu a hanya tafi ƙarfin duk wani lissafi.

Sai dai son mutane ba daga sama yake faɗowa ba. Dokar tsimin mai ta 1975 ta yiwa motocin da aka kira ƙananan motocin ɗaukar kaya sassauci, kamfanoni suka dinga ƙera jip suna shigar da ita wannan rukunin suna zuba biliyoyi a talla. A 2003 mai ƙaramin kasuwanci zai iya cire har dala 100,000 daga kuɗin da za'a yi masa haraji a kai idan ya sayi mota mai nauyin sama da fam 6,000, wato kusan kilo 2,700, irin su Hummer kenan, mai motar lantarki kuwa rangwamensa bai wuce 'yan dubbai ba. Ka shimfiɗa ƙasa da tituna masu faɗi da gidajen mai a kowace kwana da unguwanni masu nisa da wajen aiki, sannan kace mutane sun zaɓi fetur da kansu.

Hujjar tana Norwe, ƙasar da ita kanta mai take siyarwa. Sun cire wa motar lantarki harajin siye da VAT na kashi 25, suka lafta wa ta fetur, a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka siya a can na lantarki ne zalla, duk da sanyin da yake cin batir.

Abun da ya canza

Batir ne ya canza, kuma ba masu mota ne suka canza shi ba, masu waya da laftof ne. Tesla da Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa a 2003, Musk ya shigo da kuɗi a 2004, dabararta ita ce ta ɗauki ƙananan batiran laftof guda 6,831 ta haɗa su a motar tsere Roadster a 2008, tana yin kusan kilomita 390, kuɗinta wajen dala dubu ɗari. Maimakon su roƙi mutane su hau don tausayin muhalli, sai suka saida wa masu kuɗi gudu da ƙwalisa. Su ma fa da bashin gwamnati na dala miliyan 465 suka miƙe a 2010, kuma har yau akwai jihohi irin Teksas da dokar diloli ta hana su buɗe shago su siyar kai tsaye yanda suke so.

Kuɗin batir da ya haura dala 1,000 kan kowane kilowat-awa a 2010 ya sauko wajen dala 115 a 2024. Babban dalilin Chaina ne. Sun san bazasu kamo Jamus da Japan a injin fetur ba, kuma mai shigo dashi suke yi, sai daga 2009 gwamnati ta dinga zuba tallafi, a Shanghai lambar mota da ake gwanjonta kusan yuwan 90,000 aka dinga ba mai motar lantarki kyauta. BYD da ta fara a matsayin mai ƙera batir a 1995 ta daina ƙera motar fetur zalla a 2022. A 2024 an siyar da motoci masu caji sama da miliyan 17 a duniya, a Chaina kusan rabin sababbin motoci irinsu ne.

Rigimar dai bata mutu ba, salo ta canza. Amurka ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarki na Chaina a 2024, a 2025 kuma aka soke rangwamen dala 7,500 da ake ba mai siya, aka kuma soke izinin da Kalifoniya ta dogara dashi don hana saida sababbin motocin fetur daga 2035. Kamfanin hayar mota Hertz ma a farkon 2024 ya sanar zai rabu da motocin lantarki 20,000 saboda tsadar gyara da faɗuwar darajarsu, wanda ke nuna koke-koken masu siya basu ƙare ba.

Mu nan fa

Mu ba sabuwar mota muke siya ba, abun da Amurka da Turai suka hau shekara goma da ta wuce shi yake sauka Kwatano da Legas, don haka duk jinkirin da akayi can mu ma ya shafe mu, kuma abun da zai fara iso mu shine tsofaffin motocin lantarki da batirinsu ya sha jiki. A tokumbo ta fetur injin kake saurara, a wannan kuwa lafiyar batir ce kuɗin motar, kuma zafi abokin gabarsa ne. Nissan Leaf ta farko da bata da ruwan sanyaya batir, a 2012 masu ita a Arizona suka dinga kuka batir na rasa ƙarfinsa da wuri, toh ka kawo wannan Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu.

Lissafin kuɗin yana da daɗi a takarda. Ƙaramar motar lantarki tana cin kamar kilowat-awa 16 a kilomita 100, idan kana layin Band A da ake biyan naira ɗari biyu da ɗoriya kan kowane kilowat-awa, wajen naira 3,500 kenan, mai Corolla kuwa lita 8 zai ƙona, a ce lita naira 900, ya haura dubu bakwai. Matsalar ita ce wutar da ƙasa gaba ɗaya take rabawa megawat dubu huɗu zuwa biyar ce, idan kuma da janareto zakayi cajin toh ka koma gidan jiya. Habasha da ta hana shigo da motocin fetur a 2024 tana da madatsar ruwa ta dogara da ita, mu matsayinmu yafi kama da na manomin Amurka na 1930.

Shi yasa inda abun yake kamawa ba a motar gida bane, a abun hawa na haya ne mai zagaye cikin gari yana dawowa waje ɗaya. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan bas yana saka musu batir da sola suna jigila a cikin gari. Babur da adaidaita sahu batirinsu ƙarami ne, ana iya cire wanda ya mutu a saka cikakke cikin minti biyu a tashar da sola ke ciyarwa, kuma mai adaidaita shine wanda kuɗin mai yake cinye rabin abun da ya samu a yini. Wanda zai ji a jikinsa shine bakanike mai gyaran kafireto da mai saida baƙin mai da 'yan bumburutu, mai gyaran wayarin da mai haɗa sola kuwa aiki ne yake tunkaro su.